Ranar da Na Zama Hon ɗin Surukina

Ko me zan manta a sana'ar nan, ba zan manta da ranar da na zama hon ɗin babur ba, ni da furfurata, tun daga unguwar Akodesewa har cikin Adakpame a nan Lome. Na san kun sha jin labarin a bakin 'yan zemijan, masu haya da babur, kowa da irin gishirin da yake zubawa. Akwai ma mai cewa har fito na riƙa yi da baki, wanda ƙarya ce tsagwaronta. Tun da yau mun taru ana yaye ɗaya daga cikinku, bari ku ji shi daga bakin mai shi, don akwai abin da masu dariyar ba su sani ba.

Saboda baƙinmu, bari in ɗan faɗi yadda tsarin gareji yake. Akwai aparanti, wato mai koyo, wanda zai daɗe yana wanke kayan aiki kafin a bar shi ya taɓa waya. Akwai su-patron, wanda hannunsa ya faɗa, shi ke tsare wuri in babba ba ya nan. Sai patron, mai garejin, wanda duk aikin da ya fita da sunansa ya fita. Ni ne patron a nan, kuma wutar babur kaɗai nake yi, ba na buɗe inji, ba na faci. Lokacin da abin ya faru na haura shekara talatin ina wannan aiki, har na fara jin kamar da ni aka yi shawara kafin a ƙirƙiro lantarki.

Kun ga inda muke, jikin bangon masallaci. Tun kafin a haifi wasunku dattawan Zongo suka kafa mana sharaɗi: mu yi aikinmu, amma ba a danna hon, wanda a nan ake ce wa kilakson, a lungun nan, don da safe ana karatu, da rana ana salla, a tsakani kuma Liman na ɗan kishingiɗa. Duk mai son gwada hon sai ya tura babur har bakin titi. Sharaɗi ne mai kyau, da bakina aka kafa shi. Sannan ga bencin nan na gindin bango, inda tsofaffi ke zaman jiran salla suna kallon aikina. Su ne 'yan kallona, kuma ina jin daɗin yabonsu fiye da yadda ya kamaci mai shekaruna.

Hamisu mijin 'yata ta fari ne, wadda muke kira Inna don sunan mahaifiyata ta ci. Mutanensa 'yan Gaya ne, amma a Sinkase ya tashi, can bakin iyaka, yana bin fataken shanu, kuma can ya kai ta bayan aure. Da harkar shanu ta tsaya musu, suka tattaro suka dawo Lome da ɗansu guda, na ba su ɗaki a bayan gida. Ban faɗa wa kowa ba, amma ranar da na fara jin kukan jikana a tsakar gidana, daɗi ya hana ni cin abinci. Matsalar ɗaya ce, Hamisu ba irin mutumin da zai zauna surukinsa na ciyar da shi ba ne. Ya faɗa wa Inna, Inna ta faɗa wa uwarta, uwarta ta faɗa mini, cewa in bai samu abin yi ba, arewa za su koma, shi da matarsa da yaron.

Sai Allah ya kawo Alhaji Mamman mahauci, mai raba nama ga mata masu dafa abinci a cikin gari. Mai kai masa nama ya tafi Akara, Alhaji yana neman wani, ya ce zai gwada Hamisu na mako guda. Babur na Alhaji ne, fetur nasa, har da na'urar nuna hanya da ke ɗaure a hannun babur, wadda yara ke kira jepeyes. Tsohuwa ce, irin waɗanda ake cirowa daga motocin da ake saukewa a tashar jirgin ruwa. Batirin cikinta ya daɗe da mutuwa, in ba wuta daga babur ba, ko ƙyaftawa ba ta yi. An riga an zuba mata wuraren abokan cinikin Alhaji, ka taɓa suna ta zana maka hanya. Ita ce idon Hamisu, don bai san Lome ba, ba ya jin Mina, yaren garin, Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba. Kun kuma san garin nan, ka tambayi gida a ce maka bayan kantin magani, ka je ka tarar da kantin magani uku.

Wata Litinin da hantsi, bayan sallar layya da kaɗan, sai ga shi ya turo babur ɗin har ƙofar gareji, gumi na zuba. Ya cire takalmi ya durƙusa, kamar yadda yake yi kullum ko da a cikin baƙin mai ne.

"Baba, ina kwana. Moton Alhaji ne. In ya kwana ba ya tashi, sai an tura."

Na ɗaga wurin zama, na duba batir. Wanda ya ɗaura na'urar ya murɗa wayarta kai tsaye a kan batir, ba fis, ba dalma, ya naɗe da leda. Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba, batir kamar randa yake. In inji na tafiya ana zuba masa, in an kashe sai abin da ya rage. Na'urar nan tana da ɗan akwati a jikin wayarta mai rage ƙarfin wuta daidai cikinta, shi kuwa ba ya barci, ko an kashe na'urar yana nan yana tsotso. Babur ya kwana, randa ta wayi gari a bushe.

Na tambayi wanda ya yi aikin. Hamisu ya ce an ce masa wani Kosi ne, mai gyara a gindin bishiya wajen Akodesewa. Na san Kosi sarai, muna haɗuwa wurin sayen kaya. Na ɗaga wayar sama yadda duk 'yan benci za su gani.

"Ku dubi wannan, jama'a. Wannan aiki ne ko ɗaurin buhun gawayi? Mutum ya samu sukurdireba da filaya, shi ke nan ya zama elektirisiyen. Wallahi ko a mafarki na yi irin wannan, sai na tashi na yi istigfari."

Tsofaffi suka yi dariya, ni kuma kaina ya ƙara girma. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni a ranar ban ma kai ga taka nawa ba, ina tsaye ne ina ginin sa da hannuna.

Yadda ake yin aikin daidai ba wani abin wahala ba ne. Za ka nemi wayar da ba ta samun wuta sai an murɗa makulli, ka ɗauki wutar na'urar daga nan, yadda in an zare makulli komai ya mutu, batir ya huta. Ka sa ɗan ƙaramin fis a tsakani don in waya ta goge ta taɓa ƙarfe, fis ya ƙone maimakon babur. Ɗaya wayar ka ɗaure ta a jikin ƙarfen babur, abin da muke kira mas. Wuri mafi kusa da hannun babur da ake samun irin wannan wuta shi ne hon. Na kwance murfin gaba, na murɗa makulli, na sa mitar gwada wuta a ƙafafun hon guda biyu. Duka biyun suka nuna wuta. Na zare makulli, duka biyun suka mutu. Sai na kama wadda ta fi kusa da hannuna, ina ci gaba da ba 'yan benci labarin ɓarnar Kosi.

Kuma na ƙawata aikin, don na surukina ne, ga masu kallo. Na narka dalma na liƙe mahaɗar, na naɗe da tef sau biyu, na bi da wayar ta cikin roba, na ɗaure ta yadda ko an juya kan babur ba za ta ja ba, na mayar da murfi na ɗaure kusoshinsa tamau. A ƙa'ida, kafin babur ya bar gareji ana gwada komai da na'urar a kunne: fitilar gaba, sigina, birki, sannan hon. Na gwada ukun farko. Na hon kuwa sai an tura har titi, ga ladan ya fara gyaran murya, ga mutane na ta sa albarka. Na ce a raina, hon da ban taɓa lafiyarsa ba, me zan gwada?

Hamisu ya sa hannu a aljihu. Na daka masa tsawa.

"Kai, mayar! Ni zan karɓi kuɗinka? Je ka, in batirin nan ya sake kwana ya ƙi tashi, ka zo ka cire allon garejin nan."

Batir dai bai sake mutuwa ba, wannan kam na cika alkawari. Amma washegari da la'asar Alhaji Mamman ya tare ni a ƙofar masallaci, fuska ba walwala.

"Patron, yaron nan naka yana da ladabi, amma ladabi ba ya shiga tukunya. Mata biyu sun kira ni yau, nama bai iso ba sai da miya ta nuna."

Da Hamisu ya dawo na kira shi nan gaban benci, na ce ya faɗa mini abin da ke faruwa. Ya durƙusa, idonsa a ƙasa.

"Lahiya lau, Baba. Jepeyes ɗin ce take ɗan ɗaukewa."

"Ɗaukewa kamar yaya?"

"Sai ta yi duhu. In ta dawo sai ta jima tana neman kanta, sannan in sake zaɓen wurin."

"A ina take yi?"

"Ta fi yi inda cunkoso yake. Kamar wajen Akodesewa."

Na kunna babur a gabansu. Na girgiza waya, na juya kai hagu da dama, na bubbuga murfi, na ba shi wuta har Liman ya leƙo. Na'ura na nan tar, ko gezau. Na buɗe hannu na kalli jama'a. Wani tsoho a kan benci, wanda ko keke bai taɓa hawa ba, ya gyara zama ya ce ai ba mamaki, wurin da ke da kasuwar bokaye, wa ya san abin da ke yawo a sama? Maimakon in ce masa tauraron ɗan'adam bai san Akodesewa daga Makka ba, sai na ji maganar ta yi mini daɗi, don ta wanke ni. Na shafa gemu na ce, "To, Allah ne masani. Akwai abin da mita ba ta gani." Ni, mai shekara talatin da mita a hannu. Har na ƙara da ba Hamisu shawara ya riƙa addu'a in ya doshi wurin. Ya ce, "To, Baba." Mutanen Akodesewa suna can suna harkar gabansu, ba su san na rataya musu wayata a wuya ba.

Kwanakin da suka biyo baya abin ya ɗan canza, amma bai gyaru ba. Na tambaye shi, ya ce ɗaukewar ta ragu. Na ce to ka gani, addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Sai dai har yanzu a makare yake isa, kuma yana dawowa a gajiye kamar wanda ya yi dako. Ni kuwa na fara zargin ko yaron ne ba shi da kuzari, har na faɗa wa uwar Inna cewa bin shanu daban, bin titi daban.

Ranar Asabar da sassafe ina alwala sai ga Inna ta zo ta tsuguna nesa da ni. Ba ta saba tunkarata da magana kai tsaye ba, don haka na san akwai abu.

"Baba, Alhaji ya ce yau ce ta ƙarshe. In naman Adakpame bai isa kan lokaci ba, ya ajiye masa makulli."

"To, sai ya dage."

"Jiya ya je tasha tambayar motar Sinkase." Ta ɗan tsaya, tana wasa da bakin zanenta. "Baba, da za ka hau ka gani da idonka."

"In hau bayan mijinki?"

"An ce gani ya kori ji."

Ku da kuka tashi a Zongo kun san nauyin abin da ta roƙa. Ni da Hamisu ko kwano ɗaya ba mu taɓa haɗawa ba, in na shigo ta ƙofa shi ta baya yake fita. Amma a daidai lokacin jikana ya rarrafo ya kama butata yana son sha. Na dube shi, na tuna Sinkase ba nan kusa ba ce, na ce a gaya wa Hamisu ya jira ni. Ko sukurdireba ban ɗauka ba. Me zan yi da ita? Ai ba gyara zan je ba, zan je ne in tabbatar wa duniya cewa aikina lafiyarsa ƙalau.

Kular naman da ake ɗaurewa a baya ita na rungume a cinya, ta zama katanga tsakanina da surukina, mu duka muka ji sauƙi. Na ɗora hular kwano a kan hulata, muka kama hanya. Naman na wata Maman Afi ne, mai dafa wa ma'aikatan tashar jirgin ruwa abincin rana, kuma dole ya shiga tukunya kafin rana ta take. Na'ura na aiki, tana zana hanya shuɗiya. Ina leƙenta ta kafaɗarsa ina murmushi.

Ba mu yi nisa ba na lura da wani abu. Yaron nan tuƙi yake kamar mai ɗauke da ƙwai. Taksi ta tsaya a gabansa, sai ya tsaya ya jira. Mai tura amalanke ya tare hanya, sai ya bi bayansa a hankali. 'Yan zemijan na wuce mu ta hagu da dama, pim-pim, pim-pim, don a garin nan hon shi ne sallama, shi ne ban hanya, shi ne kiran fasinja. Hamisu kuwa ko sau ɗaya bai taɓa nasa ba. Wata mota ta ja baya ta kusa take mana ƙafa, ya kauce kawai ya yi shiru. Na ce a raina, ashe ga inda lokacin ke tafiya, ƙauyanci ne ke damunsa.

Da muka shiga cunkoson Akodesewa, wata babbar mota ta fara matso mu jikin kwata, direban bai ma san muna wurin ba. Haƙurina ya ƙare.

"Kai, danna masa hon mana!"

"Baba..."

"Na ce ka danna!"

Ya danna. Hon ya yi ƙara, babbar mota ta tsaya, fuskar na'ura ta yi baƙi ƙirin.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon baƙin gilashin nan ba. Ƙafafun hon biyu ne. Ɗaya ita ke kawo wuta daga makulli. Ɗayar tana tafiya ne zuwa maɓallin da ke ƙarƙashin babban yatsa, kuma in ba a danna ba, wuta na ratsa hon ta tsaya a cikinta, shi ya sa mita ke nuna duka biyun suna da rai. Da an danna, sai maɓallin ya haɗa ta da mas, wutar da ke cikinta ta zube. A wannan ƙafar na liƙa na'urar Alhaji, da dalma, da tef sau biyu. Abu ne da nake koya wa aparanti a shekararsa ta farko, har in ja kunnen wanda ya manta.

Wannan bai dame ni ba kamar abu na biyu da na gane a lokaci guda. Wanda ya ce "Baba" kafin ya danna ya san abin da zai faru. Ba ƙauyanci ne ya hana shi hon ba.

Ya gangara gefe ya tsaya, muka jira na'ura ta farfaɗo ta nemo kanta. Gyaran ba zai ɗauki lokaci ba in da kayan aiki, amma na ɗaure murfin nan yadda farce ba zai buɗe shi ba. Na ɗaga kai, sai ga bishiya a tsallaken titi, ga Kosi a gindinta yana cin ƙosai, ga sukurdirebobi a jere a kan tabarmarsa. Tsallakawa kawai zan yi in ce, Kosi, ara mini. Sai ya tambaye ni me ya faru. Sai ya zo ya leƙa. Wanzami ba ya son jarfa. Na ja hular kwano ta rufe mini fuska, na ce wa Hamisu, "Ja mu tafi. Kada ka sake taɓa shi, kuma kada ka sake tsayawa bayan kowa. Ni zan yi maka hon."

Haka aka yi. Kun san kalmar da mutanen Mina ke faɗa in suna neman hanya. Na cika ƙirji na kwarara ta.

"Agoo! Agoo!"

Wata mata mai ɗauke da daro ta yi tsalle gefe, ta amsa da "Amee!" don ladabi, sannan ta juyo ta ga ko wane ne, ta fashe da dariya. Na ci gaba. In taksi ce sai in ƙara da buga murfin kula da tafin hannu. In mai kunnen ƙashi ne sai in koma Faransanci, "Atansiyon! Lese pase!" Hamisu da ya samu hanya sai ga shi ya iya tuƙi, yana kurɗawa kamar ɗan gari. Wasu 'yan zemijan na Zongo suka gane ni duk da hular, suka biyo mu a baya suna taya ni da nasu hon, ɗaya na ihu, "Patron, batirinka ne ya mutu ko na moto?" Na guje wa idon mutum ɗaya a gindin bishiya, na sayo idon rabin Lome. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana, ni kuwa nawa har da hular kwano a sama.

Maman Afi ta ce ta ji mu tun kafin ta gan mu. Ruwan tukunyarta ya fara tafasa lokacin da na sauko da kula, muryata ta dishe. Ta buɗe, ta latsa naman, ta gyaɗa kai. Ta kawo mana ruwa a kofi, ta tambayi Hamisu da Hausarta ta kasuwa ko wannan tsoho sabon yaron Alhaji ne. Hamisu ya rasa inda zai sa kansa. Na ce mata e, yau na fara.

Muka koma inuwar wani shago don in samu numfashi. Ya tsuguna can gefe, ya ba ni rabin baya. Babu benci, babu tsofaffi, daga ni sai shi.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar hwarko da yamma, Baba. Na lura duk sanda na taɓa kilakson ne."

"Shi ne ka bar ni ina ɗora wa Akodesewa?"

"Ni dai cewa na yi ta fi yi inda cunkoso yake."

Gaskiyarsa, abin da ya faɗa ke nan. Ya miƙo mini bakin zaren, ni ne ban kama ba.

"Me ya hana ka faɗa mini ƙarara?"

Ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke. "A gaban mutane ka tambaye ni, Baba. Kuma ba ka amshi ko dala ba. Da wane baki zan ce aikin bai yi ba?"

"Ka kai wa wani ya gyara mana."

"Duk mai gyaran da ya buɗe zai san hannunka ne."

"To da ka rasa aikin fa? Da mota ta take ka?"

"Aiki ana samun wani," in ji shi.

Na ji kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta ranar ba. Yaron nan ya yi kwanaki yana ratsa titunan Lome ba hon, tsakanin manyan motocin tasha, ya yarda ya rasa abincinsa, ya kwashe iyalinsa ya koma inda ya baro, don kada a yi wa surukinsa dariya a kan benci. Ni kuma ina gida ina cewa ba shi da kuzari. Na so in ce masa wani abu, sai na fake da dishewa.

Daga nan ban ce mu koma gareji ba, na ce ya kai ni rumfar Alhaji Mamman. Labari ya riga mu isa, yaransa na ganina suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Na gaya wa Alhaji cewa duk makarar makon nan wayata ce, ba yaron ba, in akwai wanda za a karɓe wa makulli to ni ne. Alhaji ya soke wuƙarsa a kan gungume, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Patron, wanda ya kai nama Adakpame ba kilakson, in aka ba shi kilakson ai har Kotonu zai kai. Ya zo ran Litinin. Amma kai kada ka nemi aiki wurina, muryarka ba ta da daɗi."

Gyaran bai kai tsawon shan shayi ba. Na cire wayar daga wannan ƙafa na mayar da ita kan waccan, na tura babur da kaina har bakin titi, na danna hon har sai da mai shagon gefe ya fito ya roƙe ni. Na'ura ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Hamisu na nan wurin Alhaji har yau, yanzu shi ke nuna wa sababbi hanya, jikana kuwa ga shi can ya shiga makaranta a Zongo.

To, ku da za ku buɗe naku wurin, batun waya mai sauƙi ne: wuta ta bayan makulli, fis a tsakani, kuma ku gwada kowane maɓalli da na'ura a kunne, ko da sai kun tura babur har bakin teku. Wannan ko ban faɗa ba wata rana babur zai koya muku. Abin da babur ba zai koya muku ba shi ne mutanenmu. Wanda ya biya kuɗinsa, in aiki bai yi ba zai dawo yana zage-zage tun daga bakin lungu. Kada ku ji haushinsa, ya fi mita faɗin gaskiya, kuma zaginsa ba ya kashe kowa. Wanda za ku ji tsoro shi ne wanda kuka yi wa kyauta, da wanda ke jin nauyinku, ɗan'uwa, maƙwabci, suruki. Shi ba zai kawo ƙara ba, zai ɗauki kuskurenku ya hau titi da shi. Ni yanzu duk wanda ya durƙusa ya ce mini aiki lafiya lau, ba na sallamarsa a nan. Sai na raka shi bayan gareji, inda ba mai jin mu, na sake tambayarsa.